Tabon Ƙuruciya a Bakin Alƙalami: Yadda Marubuci ke Mayar da Ciwon Yarinta Labari

A shekarar 1824, a birnin Landan, wani yaro ɗan shekara 12 ya hau dandamalin wani gida da bai san kowa a cikinsa ba, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba aikensa aka yi ba, kuma ba ɓatan hanya ya yi ba. Ciwon kwiɓi ne ya kayar da shi a wurin aiki tun da rana, wani abokin aikinsa da ya girme shi, Bob Fagin, ya wuni yana jinyarsa, yana ɗura ruwan zafi a kwalabe yana gasa masa wurin, da aka tashi kuma ya kafe a kan sai ya raka shi har gida. Matsalar ita ce inda yaron ya nufa a daren nan kurkuku ne, domin mahaifinsa yana tsare a gidan yarin Marshalsea saboda bashin fam 40 da wani mai gidan burodi yake bin sa, mahaifiyarsa da ƙannensa kuma sun tare a can tare da shi, kamar yadda aka saba a wancan zamani. Da ya ga rakiyar ta ƙi ƙarewa, sai ya tsaya a ƙofar wani gida kusa da gadar Southwark, ya miƙa wa abokin hannu suka yi sallama kamar an iso. Don kada abokin ya waiwayo ya gane dabara ce, ya buga ƙofar da gaske, da matar gidan ta buɗe sai ya tambaye ta ko nan ne gidan Robert Fagin, wato cikakken sunan abokin nasa.

Yaron nan shi ne Charles Dickens, wanda daga baya ya zama marubucin ƙagaggun labarai mafi shahara a Ingila a zamaninsa. Na fara da shi ne saboda ba kasafai ake samun ɗanyen abu da dafaffensa a faranti ɗaya ba. A wurinsa muna da duka biyun: muna da abin da ya rubuta da hannunsa a matsayin tarihin abin da ya same shi, muna kuma da littafin da ya ƙaga daga wannan tarihi, don haka ana iya jera su a ga abin da ya riƙe, da abin da ya sauya, da abin da ya kasa taɓawa sam.

Aikin da yake yi a kamfanin man goge takalmi na Warren, a wani tsohon gini da ɓeraye suka cika a gaɓar kogin Thames, shi ne rufe bakin tukwanen man da takarda mai maiƙo, ya ɗora shuɗiyar takarda a kai, ya ɗaure da zare, ya datse gefe, ya manna takardar suna. Ladansa sule shida ne a mako. Zaman bai wuce kamar shekara guda ba, amma ya haɗiye labarin fiye da shekara ashirin, sai daga baya ya fara rubuta tarihin rayuwarsa, ya miƙa wa amininsa John Forster abin da ya samu, sannan ya ajiye aikin bai ƙarasa ba. Abin da ya gagara fita a matsayin tarihi shi ne ya fita a cikin ƙagaggen littafinsa David Copperfield, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi daga 1849 zuwa 1850, wasu sakin layin ma kusan kalma da kalma ya kwashe su. Ginin yana nan a cikin littafin, ɓerayen suna nan, sule shidan yana nan, yunwar da kunyar ma suna nan. Amma man takalmi ya koma kwalaben barasa, shekara 12 ta koma 10, sannan, wanda ya fi muhimmanci, an sauya masu laifin. Yaron littafin maraya ne, mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi, mahaifiyarsa ta rasu kafin a tura shi aiki, wanda ya tura shi kuwa mijin uwarsa ne. Mahaifin Dickens na gaske, mai cin bashi da yawan zance, ya koma wani mutum mai ban dariya da yaron yake haya a gidansa, wanda shi ma aka ɗaure saboda bashi. Abin da ya fi ci wa Dickens rai kuwa, wato cewa bayan mahaifinsa ya cire shi daga aikin mahaifiyarsa ce ta je ta sasanta domin a mayar da shi, wanda ya rubuta a tarihin cewa bai taɓa mantawa ba kuma ba zai iya mantawa ba, bai shiga littafin ba ko kaɗan. Sunan Fagin, yaron da ya yi masa jinya, ya riga ya ɗora shi a kan mugun tsohon da ke koya wa yara sata a wani littafin da ya gabata. Wannan ba adalci ba ne ga mai alheri, amma yana nuna yadda kunya take aiki: wanda ya gan ka a ranar da ba ka so a gan ka, alherinsa ma ciwo ne.

A nan ne gundarin maganar yake, a ganina. Abin da marubuci yake ɗaukowa daga ƙuruciyarsa mai ɗaci kayan aiki ne kawai, kamar yadda ɗanyar fata take a hannun majemi. Zafin abin bai sa ya zama daidai yadda aka tuna shi ba, bai sa ya zama labari mai kyau ba, bai kuma tabbatar da cewa rubuta shi zai warkar da mai shi ba. Waɗannan abubuwa uku ne sabon marubuci ya fi ɗauka a matsayin tabbas, kuma kowannensu yana buƙatar a tsaya a kansa.

A fara da tunawa kanta. Yawancin mutane suna ɗaukan ƙwaƙwalwa tamkar akwati, abin da aka saka shi za a tarar. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa ba haka take ba, duk lokacin da mutum ya tuno abu sake gina shi yake yi, yana cike giɓi da abin da ya ji a bakin manya da abin da ya fahimta daga baya. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin tunanin yara, ya ba da labarin kansa. Ya ce ya tashi yana tuna ranar da wani mutum ya yi yunƙurin sace shi daga keken jarirai a wani babban titi na birnin Paris yana ɗan shekara biyu, yana ganin yadda mai rainonsa ta tare mutumin har aka yakushe mata fuska, yana ganin ɗan sandan da ya zo da kulkinsa. Yana da kimanin shekara 15 sai matar ta aiko wa iyayensa takarda tana neman gafara, ta ce ita ta ƙirƙiri labarin gaba ɗaya, ta kuma dawo da agogon da aka ba ta tukwici. Abin bai taɓa faruwa ba, amma hoton yana nan daram a kansa, domin ya sha jin labarin a gida har ya zama nasa. A 1995 Elizabeth Loftus da Jacqueline Pickrell suka gwada irin wannan da gangan a Amurka: suka ba mutum 24 labarai huɗu na ƙuruciyarsu, uku na gaskiya da aka samo daga danginsu, na huɗun kuma ƙage ne, wai sun taɓa ɓata a wani babban kanti suna da kamar shekara biyar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayani daga wurinsu. Ga kuma abin da aka sani cewa yawancin manya ba su da wata tunawa tsayayya ta abin da ya gabaci shekara uku da haihuwa.

Kada a ɗauki wannan a matsayin hujjar ƙaryata wanda aka zalunta, domin an sha yin amfani da shi haka, kuma zalunci ne na biyu. Jigon abu mai tsanani, kamar duka ko cin zarafi ko ranar da uwa ta fita da kayanta, yakan zauna a rai da ƙarfi. Abin da ke zamewa shi ne gefe-gefensa: wace shekara ce, wa ke tsakar gida, me aka faɗa daidai, wanne ya riga wanne. Ga mai rubuta ƙagaggen labari wannan sauƙi ne, tunda ba shaida zai bayar a gaban alƙali ba. Ga wanda zai rubuta a bangon littafinsa cewa labarin gaskiya ne kuwa, kamar yadda ake yawan gani yanzu a littattafan da ke yawo a wayoyi, nauyi ne, domin ya yi wa mai karatu alkawarin da ƙwaƙwalwarsa ba lallai ta iya cikawa ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi kuskuren kwanan wata zurfi, wato yaro yana ganin abu sarai amma bai san ma'anarsa ba. A ɗauki ɗan fari a gidan da ake riƙe da al'adar alkunya. Ya tashi mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, idan ya faɗi sai ta kawar da kai wata ta ɗauke shi, wataƙila ma tun yaye aka kai shi wurin kaka ya zauna. Abin da zuciyar yaron ta rubuta shi ne ba a son sa, kuma wannan ciwon gaskiya ne, babu mai ikon ce masa bai ji ba. Amma idan ya kai shekara arba'in ya zauna rubutu bai gano cewa matar nan yarinya ce ƙarama a lokacin, idon surukai da kishiyoyi a kanta, kuma kawar da kan da take yi shi ne abin da aka koya mata a matsayin mutunci, to rabin labarin kawai yake hannunsa. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan fagen babban da yaron mutum ɗaya ne, kuma rubutun ba ya tsayuwa sai dukansu biyu sun zo: yaron ya kawo abin da ya gani da abin da ya ji a jikinsa, babban ya kawo dalili da haƙurin sauraron ɓangaren da bai yi masa daɗi ba.

Abin da yaron yake kawowa, wanda babu inda za a saye shi, shi ne ƙananan abubuwa. Dickens ya rubuta cewa ya shafe shekaru idan ya zo kusa da wani shagon man takalmi a titin Strand sai ya tsallaka ɗaya hannun, don kada ya shaƙi warin abin da ake liƙe murfin kwalaben da shi. Wannan bayani ɗaya ya fi shafi goma na cewa ya sha wahala. A ƙaddara wani yana so ya rubuta zamansa na agola. Idan ya ce an tsane shi a gidan, an wulaƙanta shi, ya yi kuka har hawayensa suka ƙafe, bai yi ƙarya ba, amma mai karatu ya riga ya karanta wannan sau ɗari, idonsa zai zame ya wuce. A bar shi ya tsaya a kan magariba ɗaya kawai. An idar da salla, ana kwasar tuwo, shi yana zaune a bakin zaure yana ƙirga kwanukan da kunne, domin ya san na maigida ne farko, sai na yaran gida bi da bi, kuma ya san nasa ya zo idan ya ji mara ta fara kankarar gindin tukunya. Kwanonsa shi ne mai lanƙwasasshen baki wanda murfinsa ba ya zama. Ranar da aka yi baƙo aka tambayi ko wannan ɗan wane ne, mahaifiyarsa tana tsaye da ludayi a hannu, sai wata daga ɗaki ta riga ta amsawa, ta ce ai da shi aka zo. Babu kalmar tsana a nan, babu hawaye, kuma ba a buƙatarsu. Mai karatu da kansa zai yanke hukunci, hukuncin da mutum ya yanke da kansa kuwa ya fi zama masa a rai a kan wanda aka yanke aka miƙa masa.

Daga nan ake gane kuskuren da ya fi yawa a irin wannan rubutu, wato marubuci ya mayar da shafi kotu, ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Alamarsa ba ta ɓuya: tauraron labarin ba ya kuskure ko sau ɗaya, kishiyar uwa ko malamin tsangaya ko kawun da ya cinye gado kuwa ba su da wani aiki a duniya sai mugunta, azabar kuma kullum ƙaruwa take yi babi bayan babi har mai karatu ya daina jin komai. Huce haushi yana da wurinsa, amma a daftarin farko, wanda ba a nuna wa kowa. Mutumin da ya cuci yaro a zahiri yakan zama wanda ke ba da sadaka ranar Juma'a, wanda ya taɓa goya yaron zuwa asibiti da tsakar dare, kuma wannan haɗuwar alheri da cuta a jikin mutum ɗaya ita ce ta sa ciwon ya ƙi warkewa tun farko. Wanda ya goge alherin don laifin ya fito fili ya rage wa labarinsa gaskiya, bai ƙara masa ba.

Sai maganar waraka, wadda ake yawan yi wa ƙarin gishiri. Tushenta wani gwaji ne da James Pennebaker da Sandra Beall suka wallafa a 1986 a Amurka. Sun sa ɗaliban jami'a 46 yin rubutu na minti 15 kullum har kwana huɗu a jere, wasu a kan abubuwan yau da kullum, wasu a kan abin da ya fi girgiza su a rayuwa. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji sun tashi daga rubutun ransu a ɓace fiye da sauran, amma a watanni shida da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta. An maimaita irin wannan gwaji sau da yawa, kuma da aka tattara sakamakon bincike 146 a 2006 sai aka ga amfanin yana nan amma ƙarami ne. Abin da ya fi jan hankalin marubuci a ciki shi ne abin da Pennebaker ya lura da shi daga baya, cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu yake sauyawa daga rana zuwa rana, kalmomin dalili da fahimta suna ƙaruwa, suna kuma barin "ni" su leƙa ta idon wasu. Wanda ya maimaita labari ɗaya da kalmomi ɗaya kwana huɗu bai cika samun komai ba, fami kawai yake yi wa gyambonsa. To amma a lura, wannan rubutu ne na sirri, na ɗan taƙaitaccen lokaci, babu mai gyara shi, babu mai saye. Rubuta littafi wani abu ne daban: mutum zai koma kan dare ɗaya sau ashirin yana gyaran jimla, sannan ya miƙa shi ga baƙi waɗanda wani zai ce ya yi tsawo, wani ya ce ƙarya ce. Shi kansa Pennebaker yana ba da shawarar kada a yi gaggawar rubuta abin da bai daɗe da faruwa ba, kuma idan mutum ya ji abin yana neman fin ƙarfinsa ya ajiye alƙalami. Wanda rubutu ya hana shi barci, ko ya dawo masa da firgici, likita ko wani amintacce yake buƙata kafin mai karatu.

Ga marubucin Hausa akwai wani shinge da ya fi duk waɗannan tsawo. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asiri yana cikin abin da muke roƙo a addu'a kullum. Wanda ya fito da abin da ya faru a ɗakin uwarsa ba kansa kaɗai ya buɗe ba, ya buɗe ƙannensa mata da ke gidajen aure da 'ya'yan wanda yake zargi, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Ga kuma tsoron giba da haƙƙin iyaye. Bai kamata a raina wannan a ce tsohon yayi ne ba, kamar yadda bai kamata a mayar da shi murfin da azzalumi zai ɓuya a ƙarƙashinsa ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kuma Imam Nawawi, da yake lissafa wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum a bayan idonsa, da kai ƙarar zalunci ya fara. Sai dai kai ƙara ga mai ikon share hawaye daban, bazawa a kasuwa daban, kuma inda littafi ya faɗa tsakanin biyun tambaya ce da kowane marubuci zai amsa wa kansa, gwargwadon niyyarsa da abin da fitar da maganar zai gyara. Akwai abin lura a ƙarshen Suratu Yusuf, surar da ta buɗe da cutar da 'yan'uwa suka yi wa yaro. Da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake ambaton ni'imar Ubangijinsa a gaban iyayensa da 'yan'uwansa, fitarsa daga kurkuku ya ambata, bai ambaci rijiya ba, abin da ya shiga tsakaninsu kuma ya jingina shi ga Shaiɗan. Malaman tafsiri sun ce ya yi haka ne don kada ya kunyata 'yan'uwansa bayan ya yafe musu. Ba ana kwatanta wahayi da ƙagaggen labari ba ne, amma darasin zaɓen abin da za a faɗa a gaban wa yana nan a fili.

Hanyar da al'adarmu ta samo tun da daɗewa ita ce lulluɓi. Tatsuniyoyin 'yar bora da 'yar mowa, da na marainiyar da kishiyar uwa ta aika wankin abin da ba ya wankuwa a kogi mai nisa, mata ne suke ba da su da daddare a tsakar gidan da bora da mowa suke zaune a zahiri, yaran da ake magana a kansu kuma suna cikin masu sauraro. "Ga ta nan, ga ta nanku" izini ne na faɗin abin da ba ya faɗuwa da rana, kuma babu wanda zai tashi ya ce da shi ake. Ƙagaggen labari na zamani ya gaji wannan izini. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, ta sha faɗa a hirarraki cewa an cire ta daga makarantar firamare aka aurar da ita tana da kimanin shekara 13 ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba, auren bai kai shekara biyu ba ya mutu, karatun kuma sai daga baya ta cim masa ta hanyar ilimin manya a Kano. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin wata yarinya Abu da mahaifinta ya cire daga makaranta, ɗan'uwan da aka yi mata alkawarinsa ya ƙi ta saboda ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. Ba tarihin marubuciyar ba ne, an sauya gari da gida da mutane, amma ƙashin bayan labarin daga rayuwarta ya fito. Ribar wannan lulluɓi biyu ce. Ya ba ta damar yin magana ba tare da ta tsayar da wani nata a gaban jama'a ba, sannan ya buɗe labarin ya zama na duk yarinyar da aka yi wa haka, maimakon ya tsaya a matsayin abin da ya faru a gidan su wance, wanda masu tsegumi za su tauna kwana biyu su tofar.

Sai dai lulluɓin yana da sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa suke yin sakaci. Sauya suna kaɗai ba ya rufe kowa a unguwar da aka san juna tun kakanni. Idan an bar sana'ar mutumin, da yawan matansa, da tabon da ke goshinsa, da shekarar da gobara ta ci shagonsa, to an kira sunansa ne da wata hanya, kuma ban da ɓacin zumunci, dokar manyan laifuka da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki ɓata suna laifi. Abin da ya fi aiki shi ne irin abin da Dickens ya yi, a raba mutum ɗaya zuwa biyu, ko a haɗa uku su zama ɗaya, a sauya dangantaka, a kai abin wani gari, a riƙe ƙarar mara a gindin tukunya kawai, domin ita ce abin da labarin yake buƙata, ba sunan wadda ke riƙe da marar ba. Sau da yawa ma sai an yi wannan sauyin marubuci yake samun ikon kallon mutumin da idon basira, tunda wanda ke kan takarda yanzu ba kawunsa ba ne, wani ne da shi ya gina shi, dole kuma ya san abin da ke motsa shi.

Shi Dickens lulluɓinsa ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Dubban mutane sun karanta labarin yaron nan mai wanke kwalabe, sun tausaya masa, ba su san marubucin yana ba da labarin kansa ba ne, kuma 'ya'yansa ma ba su sani ba. Ɗansa Henry ya ba da labarin cewa a bikin Kirsimeti na 1869, suna wani wasa a gida wanda kowa yake maimaita jerin kalmomin da aka faɗa kafin shi sannan ya ƙara tasa, da layi ya zo kan mahaifin, wanda ke kwance a kujera saboda ciwon ƙafa, ya maimaita jerin duka, sannan ya ƙara da sunan kamfanin man takalmin Warren da lambar shagonsa a titin Strand, da wata irin murya da wani irin kallo da yaron ya lura da su amma bai gane ba. Dickens ya rasu a watan Yunin 1870. Sai da littafin da Forster ya rubuta a kan rayuwar Dickens ya fito bayan haka, da guntun tarihin nan a cikinsa, sannan Henry ya san abin da mahaifinsa ya faɗa a daren.